Inda Masu Hikima Suke Samo Zance: Tarihin Tushen Ƙirƙira a Ƙasar Kazaure da Kewayenta

Tun kafin boko ya shigo ƙasar Hausa mutane suke tambayar inda mawaƙi yake samo waƙa da inda mai ba da labari yake samo labari, kuma amsoshin da aka saba bayarwa ba su cika wuce uku ba. Wasu sukan ce baiwa ce, wato kyautar da Allah yake yi wa bawansa ba tare da ya nema ba. Malamai sukan kira abin ilhama, suna nufin tunanin da ake jefa wa mutum a zuci farat ɗaya. Jama'ar gari kuwa, idan fasahar makaɗi ta fi ƙarfin fahimtarsu, sai su ce aljanu ne suke kawo masa waƙa cikin dare. Babu mai musun cewa basira rabo ce, domin 'ya'yan gida ɗaya sukan tashi a gaban tsohuwa ɗaya, wani ya fita da bakin zance, sauran su fita ba su riƙe komai ba. Sai dai wanda ya bi tarihin adabin Hausa a tsanake zai tarar cewa baiwa ba ta taɓa yin aiki ita kaɗai ba, domin kowane mai fasaha da ake ji da shi yana da wurin da ya zauna ya saurara, da mutanen da ya ɗebi magana a bakinsu, da littafi ko kiɗan da ya ɗora tasa hikimar a kai. Waɗannan wurare suna da tarihinsu, wasu sun bunƙasa, wasu sun dusashe, kuma ƙasar Kazaure, duk da ƙanƙantarta a cikin masarautun Arewa, ta haɗa kusan dukkansu.

Garin Kazaure yana arewa maso yamma da Kano, tafiyar kimanin kilomita 80 a kan hanyar Daura, a cikin duwatsu da kwazazzabai da suka bambanta shi da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ta mamaye mafi yawan Jihar Jigawa. Masarautar ta ƙunshi Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, yayin da Babura, wadda ke gabas da su kuma take cuɗanya da su ta aure da kasuwa, ta daɗe a ƙarƙashin Kano kafin ta koma cikin masarautar Ringim bayan an ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991. Labarin baka yana danganta kafuwar garin da wani maharbi mai suna Kutumbi, amma masarautar da aka sani a yau ta samo asali ne daga zamanin jihadi, a hannun Ibrahim Ɗantunku, Bafillacen da ya yi ƙarfi a yankin Ɗambatta. Shi ne ya tare hanya a farkon jihadi ya hana sarakunan Haɓe na Kano da Katsina da Daura haɗa rundunoninsu wuri ɗaya, kuma wannan aiki ne ya ba shi matsayi a idon shugabannin jama'a. Da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a, aka shafe kimanin shekara biyar ana kai wa juna hari, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani ya tabbatar wa Kazaure matsayin masarauta mai zaman kanta. Ɗantunku ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi ya yi mulki har 1857, sannan Muhammadu Zangi, sannan Muhammadu Mayaƙi wanda Turawa suka taras a kan gado.

Wannan tarihi yana da alaƙa ta kai tsaye da maganar ƙirƙira, saboda yadda aka adana shi. Rubutattun madogaran da suka fi yaɗuwa a kan wannan zamani daga Kano suka fito: akwai littafin tarihin sarakunan Kano wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, aka kuma sa shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930, akwai kuma Taƙyidul Akhbar na Alƙali Muhammadu Zangi, wanda ya ba da labarin jihadi a ƙasar Kano. A idon marubucin da ke zaune a birnin Dabo, Ɗantunku ɗaya ne daga cikin masu tawayen da Dabo Ci-gari ya fafata da su, alhali a bakin mutumin Kazaure shi ne uban ƙasa wanda ya tsaya a cikin duwatsu ya ƙi sunkuyawa. Labari ɗaya ne mai fuska biyu, fuska ɗaya ta shiga takarda da wuri, ɗayar kuwa ta zauna a kirari da take da hirar tsofaffi a zaure. Duk inda aka sami irin wannan rata tsakanin abin da aka rubuta da abin da ake faɗa, nan ne mai ƙirƙira yake samun wurin shiga, kuma ana iya cewa rabin adabin tarihi na duniya daga irin wannan rata ya fito.

Makarantar farko ta mai ƙirƙira a wannan ƙasa, kamar sauran ƙasar Hausa, ita ce tsakar gida bayan sallar lisha. Tatsuniya, wato ƙagaggen labarin da ake bayarwa da dare don nishaɗi da tarbiyya, sana'ar mata ce, musamman tsofaffi da amare, kuma tana da ƙa'idojinta. An hana yin ta da rana, an yi mata mabuɗi da marufi na musamman, an kuma ba ta taurari waɗanda kowa ya san halinsu tun kafin su buɗe baki: Gizo mai wayo da tsamin baki, Ƙoƙi matarsa mai haƙuri, kura mai kwaɗayi da wauta, dila malamin daji, da 'yar bora da 'yar mowa waɗanda rikicin gidan kishiyoyi yake bayyana a kansu. Wanda ya lura da yadda tsohuwa take ba da tatsuniya zai ga cewa ba hadda take biyawa ba. Tana zaune a kan tabarma tana kaɗi ko tana ɓarar gyaɗa, yara sun kewaye ta, idan ta ga ɗaya ya fara gyangyaɗi sai ta jawo dodo kusa, idan ta san wata yarinya ta yi rowa da rana sai rowa ta shiga labarin da dare, idan aka zo wurin waƙa sai ta rera yara su amsa, kuma rijiyar da 'yar bora za ta je ɗibar ruwa takan zama rijiyar unguwarsu da kowa ya sani. Ƙashin labarin gado ne, amma naman da ake sa masa na wannan dare ne kawai. A nan ne yaro yake koyon abu mafi muhimmanci a sana'ar labari, wato cewa tsohon zance yana zama sabo idan aka dube shi da idon mutanen da ke zaune a gabanka.

Turawan farko da suka tattara tatsuniyoyin Hausa, irin su Frank Edgar wanda ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, da Rattray da Tremearne a 1913, sun fi karɓar su daga hannun maza, malamai da ma'aikata, saboda su ne suke iya kaiwa gare su. Don haka abin da ya shiga takarda ya rasa kaso mai yawa na waƙa da kwaikwayon murya da ke raya tatsuniya a bakin mace. Sai da Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970 sannan 'yan makarantar boko suka sami tatsuniya a rubuce cikin siga mai kama da wadda suka baro a gida.

Bayan tsakar gida sai wurin aiki. Mai niƙa a kan dutse tana da waƙarta, masu daka suna da lugude, wato sarrafa taɓare a turmi ɗaya cikin tsari mai kama da kiɗa, masu daɓe suna da tasu, 'yan mata suna da waƙoƙin gaɗa a dandali, manoma kuwa a ranar gayya makaɗi ne yake bin su da ganga yana kiran sunan gwani yana zaburar da rago. A waƙar niƙa ne matar da ba ta da ikon mayar wa miji ko uwar miji magana take faɗin abin da ke ranta ta hanyar habaici, wato maganar da ake yi da mutum ba tare da an kama sunansa ba, kuma wannan dabara ta faɗin gaskiya a kaikaice ita ce daga baya ta zama ƙashin bayan rubutun mata. Ƙasar da take da duwatsu da daji kamar Roni da Gwiwa ba ta rasa maharba da 'yan tauri, su kuma kirarinsu wani reshe ne na fasaha mai zaman kansa, inda mutum yake ƙera wa kansa suna da kalmomi masu tsauri kafin ya fuskanci abin tsoro. Tashe, wasannin kwaikwayon da yara da samari suke yi daga goma ga watan azumi, shi ma makaranta ce, domin a cikinsa ake kwaikwayon mai rowa da gwauro da malamin da ba ya aiki da karatunsa, kuma babu inda masu wasan suke samo abin kwaikwayo sai a unguwarsu.

A fada ne neman abin faɗa ya zama sana'a mai tsari. Makaɗin fada ba ya jiran waƙa ta faɗo masa, saboda ranar hawan salla ba ta jira, ranar naɗi ma haka. Abin da yake yi shi ne bincike, ko da yake ba da wannan suna ake kiransa ba: yana zama da fadawa da tsofaffin bayin sarki da maroƙan baka yana tambayar asalin ubangidansa, wane ne ya haifi wane, wane gari kakansa ya ci da yaƙi, wane ɗan sarki ne ya nemi sarautar bai samu ba, wane hakimi ne ake zargi da zagon ƙasa. Daga nan sai ya nemi gindin waƙa, wato layin da 'yan amshi za su riƙa maimaitawa wanda dukkan waƙar take tsaye a kansa, sannan ya riƙa ɗora 'ya'yan waƙa ɗaya bayan ɗaya, wani na yabo, wani na tarihi, wani na zambo ga abokin hamayya, ana gwadawa da kotso ko taushi ko jauje har sai magana ta zauna daram a kan kiɗa. Wannan hanya ce manyan makaɗa irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina suka bi, kuma ita ce ƙananan makaɗan kowace fada suke bi gwargwadon ƙarfinsu, har da fadar Kazaure da gidajen hakimanta. Mamman Shata na Musawa, wanda ya rasu a 1999, ya faɗaɗa fagen har ya haɗa da direbobi da 'yan kasuwa da garuruwan da ya ziyarta, abin da ya nuna cewa tafiya da cuɗanya da mutane su ne jarin mawaƙi. Mutanen da suke cewa aljanu ne suke ba irin waɗannan makaɗa waƙa suna yabon su ne a nasu ganin, amma yabon yana tauye musu haƙƙi, domin yana ɓoye shekarun da suka yi suna sauraro da tambaya da gwaji.

Hanya ta huɗu ita ce zauren malam. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga karatun littattafai yakan haɗu da waƙar Larabci tun da wuri, musamman Ishiriniya ta Alfazazi, malamin Andalus na ƙarni na 13, wadda ake rerawa a masallatai da gidaje a daren Juma'a da watan Mauludi, da Burda ta Busiri, da waƙoƙin mawaƙan Jahiliyya, da Muƙamatul Hariri wadda ake karantawa don ƙwarewa a lugga. Daga waɗannan littattafai ne malaman Hausa suka ɗauki karin waƙa, wato ma'aunin da ke daidaita tsawon baiti, da amsa-amo, wato harafin da baitoci suke ƙarewa da shi, suka zuba Hausa da Fillanci a ciki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, sun mai da rubutacciyar waƙa makamin wa'azi, kuma a wurinsu tushen waƙa a bayyane yake: aya ce ko hadisi ko halin da jama'a suke ciki. Sun kuma gadar da wata al'ada da ta cancanci a tsaya a kanta, wato tahamisi, inda mawaƙi yake ɗaukar baitin wani mai ɗango biyu ya ƙara masa ɗango uku nasa ya zama biyar. Waƙar Tabban Haƙiƙa misali ce sananniya, domin Shehu ne ya yi ta da Fillanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. A wannan al'ada gina sabon abu a kan aikin magabaci girmamawa ce, ba a ɓoye ta, ba a kuma jin kunyarta, kuma masarauta irin Kazaure, wadda tutar jihadi ce ta kafa ta, ta gaji wannan karatu tun daga tushe.

Ba a taɓa samun katanga mai ƙarfi tsakanin zauren malam da dandalin makaɗa ba, ko da yake malamai sun daɗe suna sukar kiɗa. Aliyu Namangi na Zariya, makahon malamin da ya yi Imfiraji, ya ɗauki karin caji, wani kiɗan nishaɗi da ya yi tashe a zamaninsa, ya ɗora wa'azi da begen Annabi a kansa, don mutanen da kunnensu ya saba da wancan amo su karɓi wannan saƙo. Aƙilu Aliyu, wanda aka tattara wasu waƙoƙinsa a Fasaha Aƙiliya, shi ma ya sha aron amon makaɗan baka. Wannan ya nuna cewa ko malamin da ya fi kowa tsantseni yana jin abin da ake kaɗawa a bayan gidansa, kuma gwaninta ita ce sanin abin da za a yi da shi.

Da boko ya zo sai tambayar ta ɗauki wata siga. Hukumar Fassara da Turawa suka kafa, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933 don samar wa 'yan makaranta abin karantawa, kuma East ya bayyana daga baya cewa babbar wahalar da ya sha ita ce shawo kan malamai su yarda cewa ƙaga labari aiki ne da ya dace da mai ilimi, tun da a ganinsu wannan harkar mata da yara ce. Littattafan da suka fito daga wannan yunƙuri sun nuna inda kowane marubuci ya juya da aka ce ya ƙirƙira. Bello Kagara ya juya ga yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, waɗanda a lokacin akwai sauran waɗanda suka gan su da ido, ya fitar da Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya juya ga tarihin bauta da fataucin Sahara ya rubuta Shaihu Umar. Muhammadu Gwarzo ya rubuta Idon Matambayi, John Tafida tare da East suka rubuta Jiki Magayi. Abubakar Imam kuwa, wanda aka haifa a Kagara a 1911 yana kuma koyarwa a Katsina a lokacin, ya haɗa tatsuniya da abin da ya karanta a littattafan Larabci da na Turai ya fitar da Ruwan Bagaja.

Aikin Imam ne ya fi bayyana yadda aro yake zama ƙirƙira. Da aka ɗauko shi zuwa Zariya a 1936 don ya rubuta Magana Jari Ce, an tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, kuma masu nazari sun bi sawun da yawa daga cikin labaran juzu'an uku zuwa Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin 'yan'uwan Grimm na Jamus da labaran aku na ƙasar Indiya. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin abin rage masa daraja, amma wannan hukunci bai yi adalci ba. Wanda ya karanta littafin ya san cewa sarkin da ke ciki sarkin Hausa ne da waziri da fadawa da dogarai, alƙalin alƙalin Hausa ne, wawan ma wautarsa ta gida ce, kuma maganar da ke bakinsu cike take da karin magana da ba'a irin wadda ba a samunta a littafin kowa sai a kasuwa da ƙofar fada. Abin da Imam ya aro ƙashi ne kawai, kamar yadda tsohuwa take gadon ƙashin tatsuniya, kuma abin da ya sa littafin ya rayu fiye da shekara tamanin shi ne abin da ya ji da kunnensa a Kagara da Katsina.

Daga shekarun 1940 zuwa samun mulkin kai a 1960 siyasa da gyaran al'umma suka zama babban abin da ke motsa alƙalami. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, ta ba mawaƙa da masu wasiƙa fili, Sa'adu Zungur ya rubuta waƙoƙin farkar da Arewa, Mu'azu Haɗeja, ɗan gidan sarautar Haɗeja kuma malamin makaranta wanda ya rasu a 1958, ya ɗauki abin da yake gani a birni na shaye-shaye da karuwanci da jahilci ya mai da su jigon waƙa, sannan hamayyar jam'iyyun NEPU da NPC ta haifar da ɗimbin waƙoƙi a kowane lardi. A 1978 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya shirya wata gasa wadda ta fitar da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, kuma littafin Hafsat ya buɗe ƙofar da mata suka shigo ta cikinta da yawa bayan 'yan shekaru.

Abin da ake kira adabin kasuwar Kano, wato littattafan da marubuta suka riƙa buga wa kansu suna sayarwa tun daga tsakiyar shekarun 1980, ya isa garuruwa irin su Kazaure da Babura ta hannun 'yan tebur a tasha da masu ba da haya, ya kuma shiga ɗakunan matan aure da makarantun kwana na 'yan mata. An soki waɗannan littattafai da cewa finafinan Indiya suke kwaikwaya, kuma akwai gaskiya a cikin sukar, domin marubutan sun tashi suna kallon su a silima da talabijin. Amma mafi ƙarfin cikinsu daga gida suka samo zafinsu. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Budurwar Zuciya da Alhaki Kwikwiyo Ne da Wa Zai Auri Jahila a kan auren dole da saki da wulaƙancin da mata suke sha, Ado Ahmad Gidan Dabino ya rubuta In Da So Da Ƙauna a kan soyayyar da bambancin arziki ya shiga tsakaninta, Bilkisu Funtuwa kuma ta zana matan da ilimi ya ba su 'yancin kai. Habaicin da a da ake yi a kan dutsen niƙa shi ne ya koma takarda, aka sa masa suna da farashi. Wannan layi ne ya miƙe har zuwa gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don gajerun labaran mata, da kuma dubban labaran da ake rubutawa a waya ana rabawa ta WhatsApp da Wattpad.

Sauƙin da waya ta kawo alheri ne babba, domin yarinyar da ke Gwiwa ko Amaryawa tana iya rubuta labari yau a karanta shi a Yamai ko Jidda gobe, ba tare da ta nemi maɗaba'a ba. Sai dai akwai abin damuwa a cikinsa wanda bai kamata a rufe ido a kansa ba, wato yawancin sababbin labaran daga junansu suke shan ruwa. Marubuciya takan karanta labari goma masu attajirin saurayi da katafaren gida a Abuja da tafiya Dubai, sai ta rubuta na goma sha ɗaya, alhali ba ta taɓa sa garinsu a labari ba, kamar tana ganin bai isa shiga littafi ba. Aro ba laifi ba ne, tarihin tahamisi da na Imam sun tabbatar da haka, amma su magabata abin da suka aro sun kawo shi gida ne suka sa masa tufafin gida, ba su bar gida suka koma cikin abin aron ba.

Ƙasar Kazaure kuwa tana da abin rubutawa wanda ya fi ƙarfin marubuci ɗaya. Akwai shekaru biyar na yaƙin Ɗantunku da Dabo, da abin da ya sami talakan da gonarsa take tsakanin rundunonin biyu. Akwai zaman ɗar-ɗar na ƙarni na 19, lokacin da wannan yanki yake kan hanyar mayaƙan Damagaram masu kai hari ƙasar Kano, mutane suna noma suna duban arewa. Akwai yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da ta 1927 da farin farkon shekarun 1970, waɗanda tsofaffi suke ƙidayar shekarun haihuwa da aure da su. Akwai zamanin gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, da haraji da jangali, da 'yan ci-rani masu barin gida bayan kaka su dawo da faɗuwar ruwa, da zaman Fulani da manoma a kan burtali ɗaya, da madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba da masunta da masu noman rani da suka taru a bakinta, da yadda aka wayi gari a 1991 mutumin da ya saba kai ƙararsa Kano aka ce ya nufi Dutse. Yawancin wannan yana nan a bakin mutane, a wurin maroƙan da suka riƙe asalin gidaje da tsofaffin matan da suka riƙe waƙoƙin daka da na aure, kuma ɗaliban kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu da sauran makarantun garin suna ɗauke da wayoyin da za su iya naɗar murya na sa'o'i. Waɗanda suka yi wayo a zamanin NEPU da NPC, suka ga hawan salla a Kazaure kafin mulkin kai, a yau sun haura shekara saba'in.